Ƙaramin Zanzaron da ke Farautar Tsutsar Hatsi

Habrobracon hebetor suna ne da masana ƙwari suka ba wani ɗan ƙaramin zanzaro mai zama a duk inda aka tara hatsi ya daɗe a ajiye, ko rumbun ƙauye ne, ko siton ɗan kasuwa, ko ɗakin ajiyar gida. Wani masani ɗan Amurka, Thomas Say, shi ya fara siffanta shi a rubuce, aka wallafa bayanin a 1836. Tsawonsa milimita 2 zuwa 4 ne, da ƙyar ya ɗara ƙwayar riɗi. Launinsa tsakanin ruwan ƙasa mai ɗan rawaya ne da baƙi-baƙi, yana da fukafukai huɗu shara-shara, da ƙahonni biyu sirara waɗanda ba ya daina kaɗa su, da siririn ƙugu irin na danginsa. Danginsa su ne zuma da rina da tururuwa, da babban zanzaron nan mai gina ɗakin laka a jikin bango. A cikin wannan dangi, gidansu shi ake kira Braconidae, gidan da masana suka riga suka rubuta sunayen iri sama da 17,000 a cikinsa, kuma kusan dukansu a jikin wasu ƙwari suke renon 'ya'yansu.

A cikin birnin Kano, inda ya fi dacewa a neme shi shi ne inda ake jibge buhuna: rumfunan 'yan hatsi na Kasuwar Rimi, da lungunan Kasuwar Kurmi inda ake ajiye dabino da gyaɗa da kayan ƙanshin miya, da ɗakunan gidajen da ake sayen gero da dawa da kaka a ajiye har damina. A wajen ganuwa kuma ga manyan sito-sito na Dawanau, a kan hanyar Katsina. Mai shago zai iya shekara da shekaru yana kore shi daga bakin buhu, yana ɗaukarsa ɗaya daga cikin ƙwarin da ke cin kayansa. Alhali ko ƙwayar hatsi ɗaya ba ya taɓawa, kuma ba ya harbin mutum. Abin da ya kawo shi shi ne tsutsar da ke cikin buhun.

Wannan tsutsa 'yar asun hatsi ce, wato ƙananan malam-buɗe-littafin nan masu launin toka da ke tashi da magariba a ɗakin ajiya. Ga iri uku daga cikin waɗanda suka fi yawa a ƙasashe masu zafi: Corcyra cephalonica mai son gero da shinkafa da dawa, da Plodia interpunctella wadda ba ta raina gyaɗa, da Ephestia cautella mai shiga dabino. Uwar ba ta cin komai na a zo a gani. 'Ya'yan ne masu ɓarna. Suna ci suna saƙa zare, suna haɗe ƙwayoyin hatsi da kashinsu ya zama dunƙule-dunƙule. Duk matar da ta taɓa buɗe mazubin gari ta ga ya yi yana, ta san aikinsu.

A nan akwai bambanci tsakanin wannan ƙwaro da masu shan jini irin su kaska da kwarkwata. Kaska tana sha ta bar mai jinin da ransa, domin mutuwarsa asararta ce. 'Ya'yan Habrobracon kuwa ba sa barin tsutsar sai sun ƙarar da ita. Babban zanzaron bango ma haka yake yi, sai dai shi yana ɗauko tsutsa ko gizo-gizon da ya sumar, ya kai ɗakin da ya gina, ya yi ƙwai a ciki, ya liƙe da laka. Wannan ƙaramin ba ya gini, ba ya dako. Tsutsar da yake farauta ta ninka shi girma sau da yawa, saboda haka inda ya same ta, nan ya bar ta, nan 'ya'yansa za su tashi.

Farautar duk aikin mace ne. Namiji ba shi da ƙari. Ƙarin macen wani siririn bututu ne a ƙarshen cikinta, wanda da shi take harbi kuma ta cikinsa take fitar da ƙwai. Da ƙanshi take neman abin farautarta, a cikin duhu, ta hanyar ƙahonnin nan biyu. Warin kashin tsutsa, da na zaren da ta saƙa, da na wani ruwa da ke fita daga bakinta, su ne ke jan macen har wurin. Ta fi son tsutsar da ta gama girma, musamman wadda ta bar cin abinci ta fito tana yawo a bayan buhu ko jikin bango tana neman saƙon da za ta kwanta ta rikiɗa. Ta fi nama, kuma ta fi sauƙin samu.

In ta iske ta, ba ta far mata kai tsaye. Takan tsaya daga ɗan nesa, ta lanƙwaso cikinta ta tsakanin ƙafafunta har ƙarin ya fuskanci gaba, ta matsa a hankali, ta soka, ta ja da baya. Dole ta yi hattara, domin tsutsar tana birgima, tana cizo, kuma tana iya ji mata ciwo. Bayan harbin, macen takan koma gefe ta jira. Cikin 'yan mintoci tsutsar za ta fara sanyi, har ta miƙe ta daina motsi.

Wannan dafi na cikin mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a wurin ƙwari. A 1952 wani masani a jihar Connecticut ta Amurka, Raimon Beard, ya ƙiyasta cewa kashi ɗaya na dafin a cikin kashi miliyan 200 na jinin tsutsa ya isa ya shanye mata jiki har abada. Yadda yake aiki ma abin a tsaya a duba ne. Kowane motsi na tsutsa yana farawa ne da saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, kuma a mahaɗar jijiya da tsoka akwai wani sinadari da jijiyar ke saki don isar da saƙon. Dafin yana hana sakin wannan sinadari. Jijiyar lafiyarta lau, tsokar ma haka, amma magana ta yanke a tsakaninsu. Zuciyar tsutsar kuwa tana ci gaba da bugawa, hanjinta na ci gaba da motsi, domin ba ta wannan hanya ake sarrafa su ba. Dafin yana kuma raunana garkuwar jikinta, ya tsayar da girmanta, ta yadda ba za ta sake yin saɓa ba, balle ta karkaɗe ƙwan da za a ɗora mata.

Amfanin wannan ga zanzaron a fili yake. Matacciyar tsutsa a zafin Kano ba ta daɗewa za ta yi baƙi ta ruɓe, ko ta bushe. Wadda aka sumar kuwa tana nan da ranta kwana da kwanaki, namanta ɗanye, har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su gama ci.

Kafin ta yi ƙwai, macen kan ɗiba wa kanta. Takan soki tsutsar, ta juyo ta sa baki ta lashi ruwan da ya tsattsafo. Ba kwaɗayi ba ne. Ba ta fitowa duniya da ƙwanta duka a nune, kullum jikinta ke haɗa sababbi, kuma haɗa ƙwai yana bukatar abinci mai gina jiki. Ruwan fure ko zuma suna ƙara mata kwana, jinin tsutsa kuwa shi ke ƙara mata ƙwai. Akwai wata ɗabi'a tata da ta fi kowace amfani ga mai hatsi: tana sumar da tsutsotsi fiye da waɗanda za ta yi wa ƙwai. In ta shiga wurin da suka yi yawa, sai ta bi su da harbi ɗaya bayan ɗaya, daga baya ta dawo ta zaɓi wasu. Waɗanda ba ta dawo kansu ba ma ba sa tashi. Saboda haka duk wanda ya ƙirga tsutsotsin da aka yi wa ƙwai kaɗai, ya rage mata lada.

Ƙwan farare ne, dogaye, kimanin rabin milimita. A bayan fatar tsutsar take ajiye su, ko dab da ita, ba a cikinta ba. Wannan ya raba ta da wasu 'yan gidansu, irin su Cotesia masu kama tsutsar da ke huda karan dawa da masara, waɗanda ke zuba ƙwai a cikin jikin tsutsa su bar ta tana yawo tana ci, 'ya'yan na girma a cikinta. Yawan ƙwan da Habrobracon ke ɗora wa tsutsa ɗaya ya danganta da girman tsutsar. Ƙarama kan sami biyu ko uku, ƙosasshiya kan sami goma ko fiye. In ƙwan ya yi wa tsutsar yawa, wasu 'ya'yan kan mutu da yunwa, sauran su fito tsamurarru, kuma tsamurarriyar mace ba ta yin ƙwai da yawa, ba ta kuma daɗewa. Wani bincike da Michael Strand da Charles Godfray suka wallafa a 1989 ya nuna cewa macen da ta tarar da ƙwan wata a kan tsutsa takan bi su da ƙari ta farfasa, sannan ta ɗora nata, kuma ta fi yin haka in tsutsotsi sun yi ƙaranci.

A yanayi mai ɗumi ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Abin da ke fitowa 'yar farar tsutsa ce marar ƙafa, marar ido. Tana kafa baki a fatar babbar tsutsar, ta huda, ta fara tsotsa, ita da 'yan'uwanta a jere. Kwana biyu zuwa huɗu suke yi suna ci ba dare ba rana, suna yin saɓa suna kumbura, babbar tsutsar tana motsewa har ta koma 'yar busasshiyar fata baƙa. Duk tsawon wannan lokaci ba sa kashi. Hanjinsu a toshe yake ta ƙasa, sai sun gama ci sannan ya buɗe su fitar da shi gaba ɗaya, don haka ba sa ɓata abincin da suke kwance a kai.

Da sun ƙoshi sai su matsa gefe kaɗan, kowace ta saƙa wa kanta farin kwanso na zare. Waɗannan kwansuna su ne shaidar da ido ya fi saurin kamawa. In aka ɗaga buhu aka ga fararen abubuwa ƙanana a jere kusa da busasshiyar tsutsa, a jikin ɗinkin buhu ko a tsagar bango, to Habrobracon ya yi aiki a wurin. A cikin kwanson ne jikin ke rushewa a sake gina shi, fukafukai da ƙafafu da idanu su bayyana. Bayan kwana huɗu zuwa shida sai cikakken zanzaro ya gutsure bakin kwanson ya fito.

Daga ƙwai zuwa fitowa, in zafi yana wajen digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, kwana 8 zuwa 12 ne. Wannan adadi shi ne ƙashin bayan rayuwar ƙwaron. Asun hatsi yana bukatar wata guda ko fiye kafin ya zagayo daga ƙwai zuwa uwa, a wannan tsakani zanzaron ya yi zuri'a uku. Macen kan rayu mako biyu zuwa huɗu in ta sami abinci, ta yi ƙwai ɗari ko fiye. Namiji ba ya kai haka. Zafi ne ke riƙe da linzamin al'amarin. Da hunturu, lokacin da daren Kano ke yin sanyi sosai a Disamba da Janairu, girman yana ja, kwanakin su ninka. Da damina, ɗumi da laima sun yi masa daidai. Tsananin bazara kuwa, a Afrilu da farkon Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, yana gajarta ransa, ya rage ƙwansa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na tsofaffin gidajen cikin birni ya fi sito mai rufin kwano sauƙin zama a gare shi a wannan lokaci. Har launinsa ma zafi ke rinawa: wanda ya girma cikin sanyi ya fi duhu, wanda ya girma cikin zafi ya fi haske, abin da ya sa a da aka riƙa ɗaukar iri ɗaya a matsayin iri daban-daban.

Batun namiji da mace a wurin wannan ƙwaro shi ya sa sunansa ya shiga littattafan ilimin gado. Bayan barbara, macen tana adana maniyyi a wata 'yar jaka a cikinta, kuma yana isar ta tsawon kwanaki. Duk ƙwan da zai fita, tana iya sakar masa maniyyi, tana iya barinsa ya wuce haka. Wanda ya haɗu da maniyyi yakan zama mace. Wanda bai haɗu ba, ba ya lalacewa, namiji yake zama. Ke nan namiji ba shi da uba, gadon uwa kaɗai yake ɗauke da shi, kuma macen da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba tana haihuwa, sai dai 'ya'yanta duka maza ne. Haka abin yake a wurin zuma da tururuwa.

Amma akwai saura. Wani masani ɗan Amurka, Phineas Whiting, ya shafe shekaru yana kiwon wannan ƙwaro, shi da matarsa Anna Whiting, a lokacin ana kiransa Habrobracon juglandis. Ya lura cewa in aka haɗa 'yan'uwa na jini, wasu ƙwan da suka sami maniyyi maza suke zama maimakon mata. A ƙarshen shekarun 1930 zuwa 1943 ya fitar da bayanin. Akwai wani gurbi a cikin ƙwayoyin gado mai nau'i-nau'i da yawa. In ɗa ya gaji nau'i biyu mabambanta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, sai ya zama mace. In nau'i ɗaya kawai ya samu, namiji ne. In kuwa ya gaji biyu amma iri ɗaya, kamar yadda kan faru tsakanin 'yan'uwa, sai ya zama wani irin namiji wanda yawanci ba ya kai girma, wanda ya kai kuma da wuya ya haifu. Kowane irin wannan namiji asarar mace ɗaya ce. Daga baya an gano zuma ma a kan wannan tsari take. Bincike a 1995 ya nuna cewa matan Habrobracon kan guji mazan da suka tashi tare a kan tsutsa ɗaya, su watse su nemi bare. Ga masu kiwonsa a ɗakin bincike wannan ba labarin nishaɗi ba ne: in aka fara da mata kaɗan aka kulle su zuri'a bayan zuri'a, mata sukan ragu, kuma mata ne masu harbi. Shi ya sa mai kiwon da ya san aikinsa kan riƙa ɗebo sababbi daga rumbuna da gonaki yana gauraya su. Saboda sauƙin kiwonsa da yadda aka san gadonsa, har sararin samaniya an kai shi: yana cikin halittun da hukumar NASA ta harba a kumbon Biosatellite na biyu a Satumban 1967, don a ga tasirin tururin nukiliya da rashin nauyi a kan ƙwayoyin gado.

Rayuwar ƙwaron ba ta tsaya a ɗakin ajiya ba. Da damina yana fita gona, kuma a can ne ya yi suna a ƙasar Hausa. A da ma rumbu da gona ba su da nisa da juna a Kano. Lokacin da wani matafiyi Bature, Heinrich Barth, ya shigo birnin a 1851, ya tarar da babban ɓangare na filin da ganuwa ta kewaye gonaki ne da fili, gidaje sun taru ne daga Dala zuwa kudu. Yau gine-gine sun cinye filin, amma geron da ake aunawa a Rimi daga gonaki yake zuwa, na Kano da Jigawa da Katsina da ƙetaren iyaka.

Abokin gabar gero a can shi ne murzuna, tsutsar wani malam-buɗe-littafin dare mai suna Heliocheilus albipunctella. Ba a san ta da babbar ɓarna ba sai bayan farin farkon shekarun 1970, daga nan ta zama annoba daga Senegal har Sudan. Sau ɗaya take zagayowa a shekara. Rani duka tana kwance a cikin ƙasa, a rikiɗe. Kimanin wata guda bayan ruwan shuka sai iyayen su fito, daidai lokacin da gero ke fid da kai, su zuba ƙwai a kan zangarniya. Tsutsar tana shiga tsakanin furanni tana yanke su daga tushe, tana hawa tana kewaya zangarniyar, ta bar wata murɗaɗɗiyar hanya wadda babu ƙwaya a kanta. A shekarar da ta yi tsanani, asarar kan kai kashi 40 zuwa 85 cikin 100. Geron da ke fid da kai daidai fitowar iyayen shi ya fi shan wuya, maiwa mai jinkiri kan tsira. Feshi ba ya cika yin tasiri, domin tsutsar a ɓoye take, kuma kuɗin magani ya fi ƙarfin mai gonar gero.

Habrobracon yana kama murzuna da kansa, ba tare da kowa ya kai shi ba, kuma a ƙarshen damina yakan kashe kaso mai yawa. Matsalar ita ce makara. Watanni takwas na rani babu murzuna a sarari, babu ciyawa, babu fure. Ƙwaron da ransa bai wuce mako huɗu ba, ba zai iya jiran damina a gona ba. Kaɗan ne ke tsallake rani, a wuraren da ake samun wata tsutsar, kuma rumbun da asu ya shiga yana cikin waɗannan wurare. Daga wannan ɗan ragowa za a fara, kuma kafin su hayayyafa su cika gonaki, murzuna ta gama yankan da za ta yi.

Masana suka ga cewa abin da ya rage shi ne a gyara lokaci. An fara gwaji a Senegal a shekarun 1980. Daga 2006 aka faɗaɗa aikin a Nijar da Burkina Faso da Mali, a ƙarƙashin wani shiri mai suna GIMEM da gidauniyar McKnight ta tallafa wa. A Nijar, cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN a Maraɗi ita ce cibiyar aikin, tare da cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, kuma Ibrahim Baoua da Malick Ba na cikin waɗanda suka ja ragamarsa. Dabarar ba ta da wani kayan aiki mai tsada. Ana kiwon asun hatsi a kan gero duk rani, ana kiwon zanzaron a kan tsutsarsa. In gero ya fara fid da kai, sai a ɗinka 'yar jaka ta buhun algarara, a zuba gram 50 na gero da gram 30 na garinsa, a sa tsutsa 25, a saka mata biyu da aka riga aka yi wa barbara, a ɗaure. Ana kai jaka 15 ƙauye guda, a raba su tsakiya da gabas da yamma da kudu da arewa, a rataye a bishiya ko a jikin rumbu inda ruwan sama ba zai jiƙa su ba.

Kowane ɓangare na wannan jaka daga rayuwar ƙwaron aka ɗauko shi. Mata biyun sai an yi musu barbara, in ba haka ba jakar maza zalla za ta fitar. Algarara aka zaɓa saboda saƙarsa na da ƙofofin da zanzaro zai bi ya fita, iska kuma ta shiga. Daga kwana na takwas 'ya'yan ke fara fitowa, kuma kowace jaka kan ba da wajen 60 zuwa 70. Jimillar abin da ƙauye ke samu wajen dubu ɗaya ne kawai, adadin da ba kome ba ne a gaban gonakin gari guda. Amma kowace mace za ta sami murzuna ta yi ƙwai, bayan kwana goma 'ya'yanta su yi nasu, bayan wani goman jikoki su yi, suna bazuwa kilomita uku zuwa biyar daga inda aka sake su. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya sami ƙarin amfanin gero da ya kai kashi 34 cikin 100 a inda aka yi sakin. Daga baya wasu ƙungiyoyin manoma a Nijar suka koyi kiwon suna sayar da jakunkunan. Wahalar cinikin ita ce zanzaro bai san iyakar gona ba. Wanda ya biya da wanda ya ƙi biya duk suna amfana, saboda haka sai gari ya haɗa kai ya saya tare, kuma sai an sake kowace shekara, tunda rani zai sake share yawancinsu.

A ɗakin ajiya ma ana amfani da shi da gangan. A Jamus ana sayar da shi ga masu gidajen burodi da injinan niƙa da shagunan da ba sa son feshi, sau da yawa tare da wani ɗan'uwansa da ya fi shi ƙanƙanta, Trichogramma, mai shiga ƙwan asu tun kafin ya ƙyanƙyashe. Amma bai kamata a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ba ya nutsawa can cikin tsibin hatsi, aikinsa a sama-sama ne, da jikin buhu da tsagogin bango. Tsutsar da yake kamawa ta riga ta ci rabonta, abin da yake hanawa shi ne zuri'ar da za ta biyo baya. Kuma ba ya iya ƙarar da asu ƙaf, domin in tsutsa ta yi ƙaranci shi ma sai ya ragu.

Maganin ƙwari ya fi yi masa illa fiye da yadda yake yi wa abin da aka fesa dominsa. Shi a sarari yake yawo, jikinsa ƙarami, tsutsar kuwa tana lulluɓe cikin zarenta a tsakiyar hatsi. Fiya-fiya da ake yayyafawa a sito kan kashe zanzaron tun a zagayen farko, asun da ya tsira kuma ya tashi babu mai tare shi. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya, dichlorvos, shi ne wanda aka samu ya yi yawa a waken Nijeriya har Tarayyar Turai ta hana shigar da shi a 2015. Ƙwayar Phostoxin da ake turara buhuna da ita tana kashe duka biyun, haka ma buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, sai dai shi ba ya barin guba a abinci.

Buhun wake kuwa ba hurumin Habrobracon ba ne. Ƙwaron da ke huda wake dangin buzuzu ne, tsutsarsa a cikin ƙwayar take girma, kuma masu farautarsa daban ne. Akwai Dinarmus basalis, wadda ke soka ƙarinta ta cikin ɓawon wake ta sumar da tsutsar da ke ciki ta ɗora mata ƙwai ɗaya. Akwai kuma Uscana lariophaga, wadda ba ta kai rabin milimita ba, tana yin ƙwanta a cikin ƙwan da ƙwaron ya liƙa a bayan wake, ɗanta ya gama girma a ciki ya fito cikin kimanin mako guda. Dukansu biyu an same su a rumbunan wake na Nijar, an kuma yi nazarinsu a can.